Waiwaye: Yadda karatun laburare ya yi nisa, ya bar makarantunmu a baya

Kwanakin baya na raka ƙanwata wata makarantar sakandare da ke bayan garin Bauchi. Digiri na biyu take yi a fannin laburare, kundinta kuma a kan ɗakunan karatu na makarantu ne, shi ya sa dole ta je ta gani da idonta. Mun yi kusan rabin awa a gindin darbejiya kafin a samo makulli, domin yana aljihun malamin Ingilishi, shi kuma yana aji. Da aka buɗe ƙofa sai ga kwalaye uku na sababbin littattafai, ko igiyarsu ba a kwance ba. Gara ta cinye ƙafar kanta ɗaya, an tokare ta da bulo. Rabin ɗakin kuwa karyayyun kujeru ne jibge har taga.

Malamin bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Hajiya, ni fa kullum ina aji tun safe har a tashi. Yaushe zan zauna a nan? Makullin kawai aka ba ni."

Tun daga ranar nake ta juya abin a raina. Ƙasar da ta shafe fiye da shekara sittin tana yaye ƙwararru a wannan fanni, har da masu digirin digirgir, yaya aka yi ɗakin karatun yara ya ƙare a aljihun malamin da ba shi da lokacinsa?

Ba ƙin karatu ne ya kawo haka ba, balle a Bauchi. A farkon shekarun 1940 a garin nan ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman muhawara a kan al'amuran ƙasa, kuma biyun ƙarshe malamai ne a makarantar Midil. A zamanin ne aka buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwan Arewa, inda ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo da labarun Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai wanda ake ɗorawa a kan irin wannan ɗaki akawu ne ko malami, ba wanda ya koyi aikin ba. Wannan al'ada ta miƙa makulli ga duk wanda ke kusa, daga can ta samo asali.

Maganar horar da ƙwararru ta taso ne bayan taron da hukumar UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Daga baya gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya zagaya Afirka ta Yamma, kuma rahotonsa ne ya share fagen kafa cibiyar koyar da aikin laburare a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960. Ibadan ta karkata ga ra'ayin cewa wannan aiki na wanda ya riga ya yi digiri ne a wani fanni, sannan ya ɗora horon a kai.

Arewa ba ta da wannan sukuni. Masu digiri a lokacin ba su taka kara sun karya ba, kuma ma'aikatu suna wawarsu tun kafin su gama. A 1963 wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a kan buƙatun Jihar Arewa ta fuskar laburare, a 1968 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen. Zariya ta ɗauki wata hanya dabam: difloma da digiri na farko, a ɗauko yaro tun daga tushe. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin makarantun biyu kan wanne ne daidai. A ganina Zariya ta fi fahimtar ƙasar da take tsaye a kai, kuma lokaci ya gaskata ta, domin yawancin jami'o'in da suka biyo baya tsarinta suka bi. Bayero ta Kano ta shigo a 1977, Maiduguri a 1978. Tsofaffin ma'aikatan laburare na Bauchi da Gombe, akasarinsu daga waɗannan wurare uku suka fito.

To, ina yara a cikin wannan lissafi? A nan ne ya kamata a yaba wa Farfesa Adetowun Ogunsheye. Ita ce ta jagoranci kafa cibiyar Abadina a Jami'ar Ibadan a 1974, ɗakin karatu na gwaji domin yaran firamare, wanda kuma ya zama wurin horar da masu kula da laburaren makarantu. Tunanin da ke bayan cibiyar ya yi daidai da wanda ya bazu a Amurka tun ƙarshen shekarun 1960, cewa laburaren makaranta ba ma'ajiyar littattafai ba ce kaɗai. Wuri ne da ake haɗa littafi da taswira da hoto da kaset da majigi, kuma mai kula da shi malami ne da ke zama da sauran malamai su tsara darasi tare, ya koya wa yaro yadda zai nemo bayani da kansa, ya kuma tantance na gaskiya da na ƙarya. Cibiyar ta girma har ta kai ga ba da manyan digirori a wannan reshe. A 1977 aka kafa ƙungiyar masu kula da laburaren makarantu ta ƙasa, a shekarar ne kuma aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta lissafa laburare cikin muhimman abubuwan da makaranta ke buƙata.

A takarda an gama magana. Amma shekara guda kafin nan, a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, an ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, yara suka yi ambaliya, kowane ɗaki aka mai da shi aji. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, littafin waje ya gagari makarantu. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da mafi ƙarancin mizanin da ya kamata laburaren makaranta ya cika a 1992, a 1995 aka yi dokar kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista. Duk da haka abin da ya fi komai muhimmanci bai zaunu ba a yawancin makarantun gwamnati: gurbin aiki na dindindin, mai albashi da matakan ƙarin girma, ga wanda aikinsa kenan shi kaɗai.

Ana cikin haka kwamfuta ta iso, ta canja wa fannin fuska. A shekarun 1990 jami'o'in tarayya suka fara sauya katunan katalogi da manhajar TINLIB, daga baya da yawa suka koma Koha, wadda kyauta ce. Sassan koyar da laburare suka ƙara kalmar "bayanai" a sunayensu. Ibadan ta buɗe cibiyar kimiyyar bayanai ta Afirka a 1990. Daga ɗaya ɓangaren kuma tsangayoyin kasuwanci suka fara koyar da tsarin sarrafa bayanan kamfanoni da ma'aikatu, wato yadda ake tattara lissafin kaya da albashi da ciniki a rumbu guda don shugabanni su yanke shawara. A Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ana samun ɓangarorin biyu: masu ilimin laburare da bayanai, da masu haɗa gudanarwa da fasahar zamani.

Asalin gwanintar ɗaya ce. Wanda ya iya rarraba littattafai dubu goma yadda za a gano kowanne cikin minti guda, ba zai sha wuyar tsara bayanan ma'aikata ko na abokan cinikin banki ba. Bambancin shi ne kasuwa. Lambar BVN ta 2014, asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya na 2015, jarrabawar JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ɗin, har zuwa na'urar POS da yanzu ke gaban 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal da dillalan hatsi na Gombe, duk sun buɗe ƙofofi ga mai ilimin bayanai. Makarantar firamare ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Ga kuma jami'o'i da suka ƙaru: ta Jihar Gombe a 2004, ta tarayya da ke Kashere da ta Jihar Bauchi da ke Gadau a 2011. Ma'aikacin laburaren jami'a ana lissafa shi cikin malamai, ƙarin girmansa yana rataye da digiri na biyu da na uku da rubuce-rubuce. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 da can yana taɓa kowane mataki, amma dokar 2011 da ta mai da shi TETFund ta keɓe shi ga manyan makarantu, inda yake gina laburare, yake kuma ɗaukar nauyin ƙaro karatu. Firamare da ƙaramar sakandare sai suka dogara ga hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, UBEC, wadda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafi, kuma idan kuɗin sun zo, rufin aji da kujeru ne ke kan gaba. Ba na ganin laifin wanda ya bi inda tsani yake. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ta rubuta kundaye a kan laburaren makarantu, masu rubuta su kuma sun san ba a can za su yi aiki ba.

A hanyarmu ta dawowa na tambayi ƙanwata ko za ta yarda ta riƙe ɗakin nan idan ta gama. Ta ce, "Wallahi Yaya da gudu, in dai za a ɗauke ni a matsayin abin da na karanta. Amma in na shiga a matsayin malama, sati biyu za a ba ni aji."

Asabar ɗin da ta biyo baya ta koma da ƙawayenta biyu. Suka kwance kwalayen nan, suka shiga da littattafan cikin rajista, suka manna wa kowanne lamba a gadon baya. Shugaban makarantar ya sa aka kwashe kujerun, ya kuma zaɓi ɗalibai huɗu da za su riƙa buɗe ɗakin lokacin tara. Makullin dai har yanzu yana wurin malamin Ingilishi.