Yaƙin Dawakai a Ƙasar Maraɗi

Yaƙin dawakai a ƙasar Maraɗi shi ne jerin hare-hare da ramuwar gayya da aka yi ta yi a ƙarni na 19 tsakanin sarakunan Katsina da ke zaune a Maraɗi da masarautun Daular Sakkwato, musamman Birnin Katsina. Ana yawan lissafa shi a matsayin yaƙi tsakanin ƙasashe biyu, amma ya fi kama da basasa, domin ɓangarorin biyu Katsinawa ne, kuma kowanne na cewa shi ne mai sarautar Katsina.

Asalinsa

A 1807 masu jihadi ƙarƙashin Ummarun Dallaje suka ci Birnin Katsina. Gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, Ɗan Kasawa, ya fake a ƙasar Damagaram. Wajen 1819 mutanen kwarin Gulbin Maraɗi suka yi wa wakilin sabuwar gwamnati tawaye, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna. Shi ya sa har yau sarautar garin ake kiranta Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa ma, bayan an ci su a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda, sai suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Garuruwan biyu suka zama sansanin kai hari kudu.

Yadda ake kai hari

Lokacin hari rani ne, bayan an gama girbi, fadamu sun bushe, doki na iya ratsa ko'ina. Kaura ne shugaban mayaƙa, kuma yana cikin masu zaɓen sarki tare da Galadima da Durɓi da 'Yandaka. Rundunar takan ƙunshi barade masu saurin sukuwa, da 'yan lifida waɗanda su da dawakansu ke lulluɓe da rigar auduga mai kauri don kibiya, da masu sulke da kwalkwali, sai dakaru da 'yan baka a ƙasa. Lifidi yana da nauyi, yana gajiyar da doki, saboda haka ba a ɗaura shi sai an kusa gamuwa.

Mahara sukan bi ta daji, su kwana ɓoye, su faɗa wa ƙauye da asuba. Ba zama suke nema ba. Shanu, dawakai da mutane su ne ganima, a kora su a juya kafin gudummawa ta iso daga birni. Dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina, da na wajen Ruma, sun zama kufai saboda haka. Bature matafiyi Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851, ya tarar da Gazawa kewaye da kafi, fatake kuma ba sa ratsa dajin sai cikin ayari.

Faɗa cikin gari

Doki sarki ne a fili, amma da zarar an shiga gari sai al'amari ya juye. Ganuwa ko kafi da gwalalo su ne matsala ta farko, ƙofa kuma ba ta cin mahaya da yawa lokaci guda. A ciki, lungu ba ya barin doki ya juya, dogon mashi ya zama kaya, ɗan baka kuwa yana laɓe bayan danga ko katanga da kibiya mai dafi. Mahayi yakan sauka ya kama takobi da garkuwa, a yi ta gida-gida. Abin da ya fi raba gardama shi ne wuta: a cinna wa jinka ɗaya, iskar hunturu ta ƙarasa sauran. Wahalar faɗa cikin gari ce ta sa Maraɗawa suka iya kaiwa har bakin ganuwar Katsina amma birnin bai taɓa komawa hannunsu ba.

Manyan mahara da rikicin gida

Sarkin Maraɗi Ɗan Mari ya ja tawayen Ruma, aka ci shi da yaƙi a Matazu a zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu. Abin lura, shi kansa Siddiƙu da Sakkwato ta tuɓe shi, wajen Maraɗawa ya nufa. Sunan da ya fi fita shi ne Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ɗan Rauda, wanda hare-harensa suka kai ƙasar Kano.

Bayan rasuwarsa yaƙin ya juyo gida. 'Ya'yan sarki suka yi ta tuɓe juna, kowa da baradensa, mai dawakai ya fi mai rawani ƙarfi. Kaura Hasau, wanda ya kai hari har Zazzau, ya zama shi ke naɗawa da saukewa, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa a shekarun 1890, sarautar ta rabu biyu. A haka Faransawa suka same su. Iyakar da suka shata da Ingilishi ta bar Maraɗi a Nijar, Katsina a Nijeriya, hare-haren suka tsaya. Tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari kuwa ambaliyar 1945 ce ta tashe shi, aka koma kan tudu.