Mai ciwon daji ya ce "da sauƙi", kada a tsaya nan

Wata dattijuwa daga wani ƙauye a bayan Kumo ta zo mana da ƙari a mama, an shafe shi da baƙin magani har fatar ta saɓule. Gwaji ya nuna sankara ce, aka fara mata ƙarin ruwan maganin daji. Ta karɓi na farko da na biyu, ranar na uku ba a gan ta ba. Na bi sawu har gidan ɗanta a Pantami, na tarar da ita kan tabarma, ta ɗaura ɗankwali biyu don gashi ya zube. Na ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Sista, alhamdu lillahi." Sai da ɗan ya fita sallar la'asar ta riƙo hannuna ta ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, in sun yanke zan tashi?"

Kuɗin magani na nan, an sayar da bijimi. Tsoro ne ya zaunar da ita, ta yi makonni ba barcin kirki, kuma duk cikinmu ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke ranta. Har da ni.

Wannan ɓangare na jinya, wato kula da abin da ke ran mai ciwon daji, ilimi ne mai zaman kansa. A 1977 wata likitar ƙwaƙwalwa, Jimmie Holland, ta buɗe sashen kula da zukatan masu ciwon daji a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka, a 1984 kuma aka kafa ƙungiyar masana fannin ta duniya. Daga nan bincike ya yi ta taruwa. Wani babban nazari da aka buga a 2000 ya nuna cewa marar lafiyar da ciwon damuwa ya kama ya fi waninsa yiwuwar barin bin umarnin likita har ninki uku. An kuma fito da wani ma'auni mai sauƙi, zanen ma'aunin zafin jiki ne a takarda, daga 0 zuwa 10, marar lafiya ya nuna inda damuwarsa ta kai a makon da ya wuce. Wanda ya kai 4 ko sama, a duba shi da kyau.

To amma wane ne zai ɗauko wannan ilimi daga littafi ya kawo shi kan bencin asibiti a Gombe? Nan gizo ke saƙa. Da na miƙa wa Inna waccan takarda a gaban ɗanta, sifili za ta nuna, don a wurinta faɗin damuwa kamar butulce wa Allah ne, kuma ba za ta ƙara wa yaron nauyi ba. Kalma ɗaya ta Turanci da ke kan takardar, mu a nan ta rabu gida-gida: akwai fargaba, akwai ƙunci, akwai zullumi, akwai "zuciyata ta yi nauyi". Wata ma da Fulatanci kaɗai za ta iya faɗa. Matar da za a cire wa mama tana tunanin ko maigida zai juya mata baya, ko kishiya za ta yi mata gori. Dattijon da ke fama da sankarar mafitsara ba zai buɗe baki gaban ma'aikaciyar da ta yi sa'ar 'yarsa ba. Sau da yawa dangi kan ja likita gefe su ce kada a gaya wa mai ciwon, alhali shi ya riga ya gane daga yadda ake kallonsa.

Shi ya sa nake ganin horar da masana halayyar ɗan Adam musamman kan ciwon daji ba abin a jinkirta ba ne. Digiri kaɗai bai wadatar ba. Ana buƙatar wanda ya zauna ɗakin ƙarin ruwa ya ga amai da zubewar gashi da idonsa, ya san me ake nufi da gashin ƙari da na'ura, ya iya zama da likita a tsara yadda za a faɗa wa iyali labari marar daɗi. Ya iya karanta bincike ya tace abin da zai yi aiki a nan, sannan ya rubuta abin da yake gani kullum, don masu bincike su ma su ji daga bakin mutanenmu. Ya kuma koya mana mu ma'aikatan jinya da na unguwa, tunda mu ne a gaba kuma su ba za su taɓa isa ko'ina ba.

Buƙatar ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikin asibitoci shida da aka fara asusun gwamnati na tallafa wa masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate (ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), don haka marasa lafiya na zuwa garin nan daga jihohin maƙwabta, wasu ba su san kowa ba. 'Ya'yanmu masu karatun halayyar ɗan Adam, ga inda ake nemanku.

Ku kuma masu jinya a gida, in ya ce "da sauƙi", ku zauna kusa ku sake tambaya a hankali, ba a gaban jama'a ba. Ku lura da rashin barci, ƙin abinci, yawan kuka, janye jiki daga mutane, ko maganar gara mutuwa. Wannan ta ƙarshe a sanar da likita a ranar. Zuwa wurin masanin halayya ba ya nufin taɓin hankali, kuma bai hana addu'a ba. Ranar asibiti ku ce wa likita kai tsaye, "Likita, akwai wanda zai zauna ya saurare shi?"

Inna ta koma asibiti bayan mun zauna da ita da ɗanta da likitan tiyata, aka bar ta ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce ko za ta iya ɗaukar jikarta bayan aiki.