Me Bature ke nufi idan ya ce "quite good"?

Malamina ɗan Ingila ya rubuta "quite good" a kan aikina. Yabo ne?

Yabo ne, amma da sauran gyara. A bakin mutumin Ingila wannan na nufin ba laifi, ba yabo ba fallasa. Da aikin ya burge shi matuƙa, "very good" zai rubuta. Ba'amurke kuwa idan ya faɗi haka, yawanci da gaske yake, aikin ya yi kyau sosai. Saboda haka kafin ka yi murna, duba daga ina mai maganar ya fito. Idan da baki aka faɗa, kasa kunne: in ya danna muryarsa a kan "quite", yabon ya yi rauni, in a kan "good" ya danna, ya ji daɗin aikin.

To me ya sa "quite right" ke nufin daidai ɗari bisa ɗari?

Nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, kuma ban ga laifinsu ba. Sirrin yana cikin kalmar da ta biyo baya. Wasu siffofi suna da hawa-hawa: gajiya, sanyi, tsada, ana iya samun kaɗan, ana iya samun da yawa. Da irin waɗannan, "quite tired" na nufin ya ɗan gaji. Wasu kuwa ba su da tsaka-tsaki, ko dai abu ya yiwu ko bai yiwu ba. Shi ya sa "quite impossible" ke nufin ba zai yiwu ba sam, "quite sure" kuma tabbas babu ko shakka. Wannan ma'anar ta "gaba ɗaya" ita ce ta asali tun ƙarni na 14. Ta sassaucin daga baya ta shigo.

"Quite a few" fa, kaɗan ne?

A'a, da yawa ne. "Quite a few people came" na nufin jama'a sun zo da dama. Shi kuwa "not quite" saura ƙiris ke nan, kamar tuwon da ya kusa nuna amma ba a kai ga saukewa ba.

Zan iya sa kalmar "quite" a takardar shaidar da zan rubuta wa ɗalibina?

Shawarata, ka guje ta. In ka rubuta "he is quite hardworking" kana nufin ƙwazonsa ya kai, mai karantawa a Landan zai ɗauka yaron na tsaka-tsaki ne, ka rage masa daraja ba da niyya ba. Rubuta "very" kai tsaye.