Wai mene ne ditoks da ake yi wa masu shaye-shaye?

In ka taɓa raka wani asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna kan matsalar shaye-shaye, to za ka ji nas ta ce sai an fara yi masa ditoks tukuna. Mutane da yawa sun ɗauka wankin jini ne, wai a sa ƙarin ruwa ya kwashe ƙwayar. A'a. Jiki da kansa yake fitar da ita ta hanta da ƙoda. Ditoks shi ne kwanakin farko da mutum ya daina sha, ana kula da shi har jikinsa ya saba da rashin abin ba tare da ya halaka ba.

Kuma fa kwanakin nan ba wasa. Wanda ya saba da kodin ko tiramol, kwana ɗaya da dainawa sai hamma da majina da gumi, ga zawo ga ciwon gaɓoɓi kamar ana sara masa ƙashi, barci kuwa babu shi, abin ya fi tsanani wajen kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauƙi cikin mako guda ko fiye kaɗan. Wahala ce sosai amma ba kasafai take kisa ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai giya da mai shan ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazafam, shi in aka yanke masa lokaci ɗaya zai iya jijjiga kamar mai farfaɗiya, ya ruɗe yana ganin abin da babu, har ya rasa ransa. Shi ya sa likita ke rage maganin a hankali, ba a ce a kulle shi a ɗaki ya ji jiki ba.

Nan aikin nas yake, don likita zagayowa yake ya wuce, ita ce ke tare da shi dare da rana. Awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, ta ga ya ci ya sha, ta tabbata ya haɗiye magani bai ɓoye a kumatu ba, ta caje kayan 'yan dubiya (eh, aboki kan shigo da ƙwaya cikin abinci). Kuma tana sauraron maganarsa, don wasu damuwa ce ta kai su ga shan, ƙwaya na sakinsu sai tunanin kashe kai ya taso. Zai zage ta, ba ta ramawa.

Kar a haɗa wannan da gidan mari don Allah. Kowa ya tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa.

Inda iyaye ke kuskure shi ne da sun ga yaro ya murmure ya fara cin abinci sai su ce a sallame shi ya warke. Bai warke ba wallahi, rihab ɗin yanzu za a fara, zama da masu ba da shawara na makonni ko watanni. In ya koma majalisarsu ya sha adadin da yake sha a da, jikin ya riga ya daina ɗauka, numfashinsa na iya tsayawa.