Kwatangwalon ƙarfe na ASR

ASR wani kwatangwalon ƙarfe ne da kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson na Amurka, ya ƙera domin dasa wa waɗanda gaɓar kwatangwalonsu ta lalace. An janye shi daga kasuwa a watan Agustan 2010, bayan an dasa kusan 93,000 a faɗin duniya.

Asali

Tun wajen shekarun 1950 likitocin ƙashi a Ingila ke gwada maye gurbin gaɓar kwatangwalo da ƙwallon ƙarfe a cikin ƙoƙon ƙarfe, irin wanda ake jingina wa likitoci McKee da Farrar. A farkon shekarun 1960 John Charnley ya fito da ƙoƙon roba mai tauri a asibitin Wrightington, nasa kuma ya karɓu har ya zama abin koyi. Sai dai robar tana cinyewa sannu a hankali, musamman a jikin masu sauran ƙarfi da ke yawan zirga-zirga. Wannan ya sa a shekarun 1990 aka sake komawa ga ƙarfe zalla, da zaton zai fi daɗewa. ASR, wanda ƙwallonsa da ƙoƙonsa duk na ƙarfe ne, ya shigo kasuwa wajen 2003. A Amurka, samfurin ASR XL ya samu izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar (FDA) a 2005 ta hanyar da ake kira 510(k), wadda galibi ba ta neman gwaji a jikin marasa lafiya, muddin kayan ya yi kama da wani da ke kasuwa.

Matsalar

Ƙoƙon ASR ba shi da zurfi sosai, don haka ƙwallon kan goga bakinsa yana kankaro ɓarɓashin kobalt da kromiyam, ƙarafan da aka ƙera shi da su. Ɓarɓashin na taruwa a naman da ke kewaye, wani kuma ya shiga jini. Likitocin da suka sake buɗe gaɓar sun riƙa tarar da nama ya yi toka-toka, ruwa ya taru, wani lokaci tsoka ta mutu. Marasa lafiya kuwa ciwo da kumburi da ɗingishi suke kawowa.

Yadda aka gano

Kundin rajistar dashen gaɓoɓi na Ostireliya ne ya fara nuna alama wajen 2007, aka daina sayar da ASR a can a ƙarshen 2009. Na Ingila da Wales ya nuna cewa kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa ASR sun koma ɗakin tiyata cikin shekara biyar. A wancan lokacin, Amurka, duk da girman kasuwarta, ba ta da irin wannan kundi na ƙasa da ya kankama.

Shari'a da doka

A Nuwamban 2013 kamfanin ya amince ya biya kusan dala biliyan 2.5 ga mutane wajen 8,000 a Amurka. An yi taƙaddama kan lokacin da ya san da aibin. A Indiya, inda aka dasa wa kusan 4,700, maganar diyya ta ja shekaru. Daga 2016 FDA ta wajabta cikakken bincike kafin a sayar da irin wannan kwatangwalo, Tarayyar Turai kuma ta zartar da sabuwar dokar kayan asibiti a 2017.