Zagaya ƙauyukan Cotswolds da mota: abin da ya kamata ka sani kafin ka tashi

Ina ne ya fi dacewa da tafiyar kwana biyu ko uku?

Yankin Cotswolds a Ingila, yamma da Landan. Ka bi babbar hanyar M40 zuwa Oksfod, ka kama A40 har Burford, tafiyar awa biyu idan babu cunkoso. Daga nan Bibury, inda jerin gidajen Arlington Row suke, waɗanda aka gina wajajen 1380 don ajiyar ulu, daga baya masaƙa suka zauna a ciki. Sai Bourton-on-the-Water mai ƙananan gadoji a kan kogin Windrush, da Stow-on-the-Wold, ka ƙare a Chipping Campden. Ƙauye uku a rana sun isa. Mai son shida zai wuni yana neman wurin ajiye mota.

Lasisin tuƙin Najeriya ko Nijar zai yi aiki?

Baƙo na iya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har wata 12. Kamfanin haya zai nemi fasfo da katin banki don kuɗin jingina. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, to ka nemi otomatik tun da wuri ko da kuɗinta ya ɗara, don da hannun hagu ake sa giya.

Me ya fi ba sabon direba wahala?

Tuƙi a hannun hagu, sitiyari a dama. Kuskuren ya fi faruwa da safe, ko bayan an fito daga gidan mai, lokacin da hannu ya koma sabonsa na gida. A shataletale, wanda ke zuwa daga damarka shi ke da hanya.

Sai ƙananan hanyoyin ƙauye masu faɗin mota ɗaya, katangar dutse ko shinge na rufe kwana. Doka ta yarda da mil 60 a awa a yawancinsu, amma mai hankali ba ya kai rabin haka. Akwai ɗan fili da aka bari a gefe jefi-jefi. Idan kuka yi kiciɓis da wata mota, wanda ya fi kusa da filin shi ke ja baya. Taswirar waya tana son jefa mutum cikin irin waɗannan hanyoyi don rage minti biyu. Gara ka tsaya a kan babbar hanyar A429, wadda ta bi ta Stow-on-the-Wold.

Ajiye mota fa?

Layi biyu masu ruwan ɗorawa a bakin titi na nufin ba a ajiye mota a wurin, tara ce ke biyo baya. Ka isa Bibury da Bourton kafin ƙarfe 9 na safe, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika gari.

Wane lokaci ya fi?

Mayu, Yuni ko Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa wajajen ƙarfe 4 duhu ya fara. Abincin halal da masallaci sai manyan garuruwa irin su Oksfod, Cheltenham ko Gloucester, saboda haka a yi guzuri.