Mene ne tsiron maɗaciya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ranar layya ya san 'yar koriyar jakar nan da ke maƙale a jikin hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ita ce maɗaciya, wasu kuma su ce matsarmama. Mu ma muna da ita, a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Hanta ce ke haɗa ruwan ɗacin, maɗaciya ta adana shi, ta tatso shi cikin hanji idan an ci abu mai maiƙo.

Tsiron maɗaciya, wanda likitoci ke kira folif, ɗan ƙullutu ne da ke fitowa a bangonta ta ciki. Yawanci ba ya ciwo. Mutum zai je hoton ciki don wata matsala daban, sai a gan shi. Mai ɗaukar hoton kan ce ka juya gefe guda: idan abin ya gangara, tsakuwa ce da ta taru a cikin maɗaciyar, tsiro kuwa yana nan daram inda yake.

Abin da ke damuna shi ne, da an ce "tsiro" sai gaban mutum ya faɗi, ya ɗauka ciwon daji ne. Alhali mafi yawansu kitsen kolestarol ne kawai ya taru ya manne, kuma irin wannan ba ya rikiɗewa ya zama daji. 'Yan kaɗan ne tsiron nama na gaske da ke iya rikiɗewa. To amma hoto ba ya rarrabe su sosai, shi ya sa likita ke dogara da girma.

Idan ya kai milimita 10, wato kamar ƙwayar gyaɗa, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a cire maɗaciyar gaba ɗaya. Tsakanin milimita 6 zuwa 9, akan sake hoto bayan wata 6, sannan shekara 1, sannan shekara 2, a ga ko yana ƙaruwa. Likita zai fi matsawa idan mutum ya haura shekara 60, ko tsiron shimfiɗaɗɗe ne, ba mai siririn wuya da ke riƙe da shi ba. Kafin hoton akan hana cin abinci na sa'o'i 6 zuwa 8 don jakar ta cika ta fito fili. Don Allah a adana takardar hoton farko, da ita za a gwada na gaba. Kuma babu wani jiƙo ko ƙwaya da aka tabbatar yana narkar da tsiron.

Tiyatar kanta galibi ta ƙananan huji ake yi da kyamara. Bayan an cire, hanta na ci gaba da aikinta, ruwan ɗacin ya riƙa zuba kai tsaye cikin hanji. Wasu kan yi 'yar gudawa a makonnin farko idan suka ci soyayyen abu, daga baya cikin ya saba.